Simintin Tudun Aduwa

Litinin, 11 ga Maris 1985, bayan azahar

Yau da safe insipekta ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa da kansa. Shekara shida ina ƙarƙashinsa, ina zagaya makarantun ƙauye a kan babur ina ba malamai shawara, ban taɓa ganin hannunsa a kan ƙofar nan ba. Ya ce jandarmomi sun ɗauko Attahir, darektan lakwal, wato makarantar Tudun Aduwa da ke arewa da Barmu, yana tsare a nan Tawa tun ranar Asabar. A watan Disamba gwamnati ta aika masa siminti buhu arba'in da rodi da kwanon rufi don a gina aji ɗaya na bulo, yara su huta da rumfar kara. Magini ya je fara aiki ya tarar da kwano kawai.

Na ce, "Sayarwa ya yi?"

Ya ce, "Abin da za ka je ka gano mana ke nan, Mumuni. Kwamandan Tawa yana son rahoto kafin wata ya ƙare."

Ba sai an gaya mini abin da ke jiran wanda ya taɓa kayan gwamnati a zamanin sojojin nan ba. Bara an ɗaure wani ma'aikaci shekara biyar a kan hatsin taimako, kuma hatsin bai kai nauyin wannan simintin ba.

Attahir ɗalibina ne. Ni na koyar da shi a aji shida lokacin ina malamin aji, yaro mai dogon wuya wanda bai iya ƙarya ba ko a wasa. In aka fasa tulun aji ba na tambayar kowa, fuskarsa kawai nake kallo. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku. In an ce mini ya manta bai rufe taga ba, zan yarda. Amma sayar da siminti, sai dai in gani da idona. Abin da ke cina tun safe son sani ne: mutum irin wannan, me zai yi da buhu arba'in?

Na je garin a watan Nuwamba. Insipekta bai tuna ba, ni ma ban tuna masa ba.

Talata, 12 ga Maris, da hantsi

Ba a samu man babur ba, an ce sai jibi. Na ji daɗi.

Laraba, 13 ga Maris, la'asar

Na roƙi Zaliha, mai buga mana takardu a keken rubutu, ta nemo mini takardar umarnin da ta zo daga Yamai bayan damina ta watse ba a girbe komai ba. Ta zaro ta daga ƙarƙashin tarin takardu ba tare da ta duba ba. Wannan mata ta fi mu duka sanin inda komai yake, insipekta ma ta san inda ya ajiye tabaransa kafin shi ya sani.

Ta ce, "Shafi biyu ce, Mushe Mumuni. Ka maido mini da ita yadda na ba ka."

Na sake karanta shafi na farko. Har yanzu yana burge ni. Ya ce saboda fari, an ba kowane darekta dama ya zauna da dattawan garinsa su canza lokutan karatu da ranakunsa, su yi amfani da abin da lakwal ke da shi yadda suka ga zai hana yara watsewa. Tun da na fara aiki ban taɓa ganin Yamai ta ce wa malamin ƙauye "yi yadda ka gani" ba. Ko launin allo daga can ake aiko mana da shi. Ni aka ba takardar in zagaya da ita in fassara wa mutane, na kuwa yi ta da alfahari kamar ni na rubuta. Wani darekta a wajen Tebaram ya mai da karatu daga asuba zuwa hantsi don yara su samu zuwa neman ganye. Wani ya rufe lakwal ranar kasuwa ya buɗe ranar Lahadi. Duk an yaba musu.

Shafi na biyu gajere ne, layi biyar. Na ninke shi na sa a aljihu.

Alhamis, 14 ga Maris, bayan la'asar, Tudun Aduwa

Na biyo ta Barmu, ranar kasuwa. Fatu sun fi dabbobi yawa. Na ga wani Buzu tsaye riƙe da igiyar raƙuma da ta kasa tashi, ba ya ciniki, ba ya magana, kallonta kawai yake yi. Ban tsaya ba.

Daga Barmu zuwa nan na wuce garuruwa uku, biyu ba kowa sai ƙofofi da aka toshe da ƙaya. Maza sun tafi kurmi neman abinci, mata da yara sun gangara Tawa. Na shirya ganin haka a Tudun Aduwa. Sai na jiyo hayaniya tun kafin in hau tudun.

Na ga simintin. Ba a ɓoye yake ba, jandarmomin ma a kansa suka zauna suka sha ruwa ranar da suka zo. Yana cikin tsohuwar rijiyar da ke bakin ƙorama bayan lakwal, wadda yashi ya rufta da ita shekara uku da suka wuce. An yashe ta, an zuba zobba na siminti goma sha biyu tun daga ƙasa har baki. Na leƙa, na ga fuskata can ƙasa.

To, tambaya ɗaya ta samu amsa. Ban ji sauƙi ba.

Juma'a, 15 ga Maris, da hantsi

Na tashi da niyyar fara tambayoyi, sai abin da na gani a lakwal ya mantar da ni. Malami yana tsare a Tawa kwana shida ke nan, amma rumfa cike take da yara. Na ƙirga hamsin da takwas. A watan Nuwamba goma sha ɗaya na tarar. Suna zaune a kan yashi suna maimaita darasin ƙarshe da ke kan allo, ba wanda ya goge shi. A bakin rumfa wata tsohuwa ce zaune da kara a hannu, sunanta Habsatu, ba ta san baƙi ko ɗaya ba.

Na gaishe ta na ce, "Inna, me kike yi a nan?"

Ta ce, "Tsaro nike. Mushe ya aje muna doka: gidan da ɗiyansu ke lakwal su ka hwara ɗibar ruwa da sahe. Ni ka diban huskoki. Wanda ban ga huska tai ba, uwa tai sai ta jira rana ta take."

Na ce ai mushen, wato malamin, ba ya nan.

Ta ce, "Shi ba shi nan, doka tai tana nan. In ya dawo shi ishe rumhwa wayam, mi za mu ce mai?"

Ta ce "in ya dawo" kamar wanda ya je kasuwa.

Daga nan na nemi Alƙasum, maginin rijiya, wani siririn dattijo da hannuwa kamar tushen kalgo. Na tambaye shi yadda aka yi zobban, don ban taɓa gani ba, ya kuwa ja ni ya nuna mini. Sun haƙa rami mai zagaye a ƙasa, suka jera tsofaffin gangunan da aka fasa a ciki da waje, suka lanƙwasa rodin aji suka sa a tsakani, suka zuba kwaɓi. Kowane zobe kwana bakwai ana yayyafa masa ruwa kafin a saukar da shi, kuma ruwan yayyafin daga Barmu mata suka riƙa ɗauko shi a kan jakuna, a lokacin da na sha ma yake gagarar su. Ya ce zobe biyu sun fashe, ya yi kwana biyu bai ci abinci ba don takaici. Na zauna ina ta yi masa tambaya a kan yashi da tsakuwa har rana ta yi zafi. Na san abin da nake yi. Gidan maigari nake gudu.

Juma'a, bayan sallah

Maigari Ciɗo bai bari na gama gaisuwa ba.

Ya ce, "Mushe Mumuni, madalla da kai anka turo. Kai ka san komi. Nan ƙarƙashin aduwag ga ka tsaya ka karanta muna takardar gwamnati, kac ce abin da lakwal ta mallaka mu yi shawara da mushe mu yi abin da ka riƙe ɗiyanmu. Ko ba haka kac ce ba?"

Na ce haka na ce.

"Liman ya ɗaga hannu munka shahwa fatiha a kai, da kai cikinmu. Abin da anka shahwa ma fatiha ai ya zamna. Da siminti ya zaka munka ce ma mushe, ɗaki ba shi riƙe yaro, ruwa ka riƙe shi. To mi ya kawo jandarma?"

Na ce an samu rashin fahimta ne, za a duba. Ya ce ya so ya bi su Tawa, Attahir ne ya hana shi, ya ce kada kowa ya ambaci taron nan na Nuwamba. Maigari ya dube ni ya ce, "Ban gane dalili nai ba. Kai ka gane?"

Na ce rana ta yi, zan kama hanya.

Asabar, 16 ga Maris, Tawa, da safe

Bari in rubuta shi, tun da littafin nan ba mai karanta shi sai ni.

Shafi na biyu ya ce damar da aka bayar ba ta shafi kayan gini da gwamnati ke aikawa ba. Siminti da rodi da kwano na abin da aka rubuta ne kaɗai, wanda ya juya su zuwa wani aiki za a ɗauke shi a matsayin wanda ya ci dukiyar ƙasa.

A kowane gari na karanta shafin nan. A Tudun Aduwa ne kaɗai ban karanta ba. Ban manta ba. Na gama shafi na farko, na ɗaga kai na ga tsofaffi suna murmushi, mutanen da suka binne shanunsu a watan nan, wani yana cewa ashe gwamnati ta san da su. Liman ya riga ya ɗaga hannu. Yatsana yana kan kusurwar takarda zan juya, sai na ji kunya ta kama ni, kamar wanda ya ba baƙo tuwo zai janye miya. Na ce a raina ai ba wani kayan gini da zai zo wannan lungu a shekarar yunwa. Na ɗaga hannu na shafa tare da su.

Bayan wata ɗaya motar siminti ta zo.

Lahadi, 17 ga Maris, azahar

Ban fita ba. Safi, maiɗakina, ta ce ko zazzaɓi ne, na ce gajiyar hanya ce.

Talata, 19 ga Maris, bayan an tashi aiki

Na gaya wa insipekta inda simintin yake. Na ba shi labarin yara hamsin da takwas da tsohuwa mai kara. Ya saurara har ƙarshe, ya ma yi dariya a wurin tsohuwar. Sannan ya ce, "Duk na ji, kuma da ni ne a garin wataƙila abin da zan so yi ke nan. Amma ka duba. Kuɗin ajin nan wasu ne daga waje suka ba gwamnati, an sa hannu a kan aji, za su zo su ɗauki hoton aji. In suka tarar da rijiya, baɗi ba za su ba da na aji goma ba. Kuma yau Attahir ya yi rijiya, gobe wani zai yi wa kansa ɗaki ya ce shi ma don yara ya yi. Wa zai bambance mana?"

Na ce ido zai bambance, mutum ya je ya leƙa.

Ya ce, "Yamai ba ta da ido, takarda take da ita. Kuma an rubuta a fili a shafi na biyu. Ya karanta, ya take."

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Na tambaye shi ko an samu labarin alli.

Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, wanda ya rubuta shafi na farko da wanda ya rubuta na biyu mutum ɗaya ne? Ina so in gan shi. Ina jin mutumin kirki ne, ya rubuta na farko da safe da zuciya ɗaya, aka kira shi wani ofis da rana, ya dawo ya ƙara layi biyar.

Alhamis, 21 ga Maris, la'asar

An ba ni izinin ganin Attahir. Wani jandarma ya fito da shi tsakar gida ya koma gefe yana shan shayi. Ya rame, gemu ya fito masa. Da ya gan ni ya durƙusa har ƙasa kamar yadda yake yi yana aji shida, na ce ya tashi, ya ƙi sai da ya gama gaisuwa. Bai tambayi kansa ba, yara ya tambaya. Da na ce Habsatu ta riƙe masa aji, ya rufe fuska da hannu yana dariya.

Na ce, "Me ka gaya musu?"

Ya ce, "Na ce ni na sa anka yi zobba. Sunka ce wa ya ba ka izini, na ce ba kowa."

"Me ya hana ka ce ni na karanta muku takarda?"

"Mushe, ina ni ina kiran sunanka gaban jandarma?"

Na matsa kusa da shi. Sannan na ce masa akwai abin da ban karanta musu ba ranar nan, kuma da na karanta da ba ya nan wurin.

Ya ce, "Na sani."

Na ce ka san me?

"Sa'adda ka tahi alwala ka bar takardun bisa tabarma. Kai ka koya muna mutum ba shi aje takarda sai ya kai ƙarshenta. Na karanta ta biyun tun kahin ka tara mutane."

Na ce, "Ka ga na tsallake, ka yi shiru?"

Ya ce, "Gaban dattawa za ni tashi in ce mushena ya tsallake wuri? Ba a yi haka ba." Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da yatsa. "Kuma gaskiya, Mushe, na so ka tsallake."

Jandarman ya ce lokaci ya yi.

Juma'a, 22 ga Maris, da safe

Kwana goma ina ɗauke da laifin na yaudari yaron nan, ashe idonsa biyu. Ya kamata in ji sauƙi. Abin da na ji haushi ne, sai kuma wani abu mai kama da alfahari, ban san inda zan ajiye shi ba.

Ga yadda abin yake. In na rubuta cewa ban karanta musu shafi na biyu ba, na tsaya a nan, Attahir ya zama wanda babbansa ya ɓatar, za a iya sakinsa, ni kuma a juyo kaina. In na ƙara cewa ya karanta da kansa, ni na tsira, shi kuma shekara biyar. In ban rubuta ko ɗaya ba, shekara biyar ɗin dai.

Lahadi, 24 ga Maris, hantsi

Na rubuta, na yaga.

Litinin, 25 ga Maris, magariba

Na rubuta, na yaga. Zaliha ta tambayi takardarta, na ce gobe.

Laraba, 27 ga Maris, bayan la'asar

Safi ta tsince guntayen takardu a tsakar gida ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Mushe, akuya ma ta gaji da cin rahoton nan." Sai na gaya mata duka, tun daga ƙarƙashin aduwa har tsakar gidan jandarma. Ba ta katse ni ba, ita da ba ta bari in kai ƙarshen magana ko ta cefane ce.

Da na gama ta ce matar Attahir ta zo ɗazu ina wurin aiki. A wurin 'yar uwarta ta sauka, kullum ita ke kai masa fura. Ta zo gaisuwa ce kawai, ta ce mijinta ya ce in ta shigo Tawa kada ta kuskura ta ƙi gaida mushensa. Ba ta roƙi komai ba. Ƙaramin ɗanta yana goye, yana tari.

Na ce wa Safi in na rubuta gaskiyata, ana iya raba ni da aiki. Ta ce, "To sai mu koma gona." Na ce wace gona a shekarar nan? Ta ce, "Wadda ka bari don ka riƙa karanta wa mutane rabin takarda." Ta tashi ta tafi hura wuta. Shekara goma sha tara muna tare, ban taɓa jin ta soke ni daidai wurin haka ba, kuma ban ji haushinta ba.

Alhamis, 28 ga Maris, azahar

Na miƙa rahoton. Shafi ɗaya ne. Na faɗi inda simintin yake, da yawan yara, da cewa ni Mumuni na karanta wa darekta da dattawa shafi na farko ban karanta na biyu ba, da sanina. Maganar alwala da tabarma ba ta ciki.

Zaliha ce ta buga. Da ta kai wurin maganar shafi na biyu ta tsaya, ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ci gaba. Insipekta ya karanta a tsaye. Ya ce, "Ka san abin da ka rubuta?" Na ce na sani. Ya ce, "Shekara shida ina zaton ba ka da abin da za ka ba ni mamaki da shi."

Asabar, 30 ga Maris, da safe

Shiru. Na lura ina son sanin irin abincin da ake ba mutane a can inda ake tsare da Attahir, har na kusa tambayar matar Attahir.

Talata, 2 ga Afrilu, bayan azahar

Kwamanda ya kira mu, ni da insipekta, aka kawo Attahir. Soja ne matashi, bai kai ni shekaru ba, yana magana a hankali. Rahotona yana gabansa ya ja layi a ƙarƙashin wasu wurare da jan alƙalami. Abin da ya ba ni mamaki, tambayar farko a kan rijiyar ya yi: gaba nawa ce, ruwan yana da kanwa ko babu, zai kai damina? Attahir ya ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Na ga alamar shi ma son sani ke damunsa.

Sannan ya juyo gare ni. "Ba ka karanta masa shafi na biyu ba?"

Na ce, "Ban karanta masa ba, ranka ya daɗe."

"Ba ka ba shi takardar ya riƙe ba?"

"Ban ba shi ba." Wannan ma gaskiya ce.

Ya juya ga Attahir. "Kai darekta, ka san da wannan shafin kafin ka taɓa simintin?"

Na san yaron nan. Na ga wuyansa ya miƙe kamar ranar da aka fasa tulu, na ga bakinsa ya buɗe. Ban yi masa alama ba, ban yi tari ba, kallonsa kawai na yi yadda nake kallonsu in na shigo aji. Ya dube ni, ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga mushena ne, shi ya koya mini karatu. Abin da yac ce, ba ni da ta cewa bisa gare shi."

Kwamanda ya dube mu mu biyu. Ba wawa ba ne, shi ma wani ya koyar da shi. Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba." Attahir bai ɗaga kai ba. Fanka tana ta juyawa. Can Kwamanda ya rufe alƙalaminsa.

Ya ce za a rubuta cewa kuskuren ma'aikacin da ya kai umarni ne, darekta da mutanen gari sun yi aiki a kan rashin sani. A saki Attahir ya koma bakin aikinsa. Mutanen gari su yi gayya su gina ajin da tubalin ƙasa kafin damina, a rufa da kwanon da ya rage, masu hoto su samu abin ɗauka. Ni kuma in ajiye makullin babur, in zauna a gida har Yamai ta yanke abin da za a yi da ni.

Na ajiye makullin, na fito. Farin ciki nake, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 3 ga Afrilu, hantsi

Na raka su tasha, shi da matarsa da yaron. Ta yi ta godiya har da hawaye, ta shiga mota ta kama wuri. Shi ya tsaya a waje. Na zaci godiya zai yi, har na shirya abin da zan ce don in hana shi.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tashi. Ya ce, "Mushe, ka yahe mini in hwaɗi magana guda."

Na ce faɗi.

"Da ka bar ni na ɗauki abina. Da sanina na yi. Na karanta doka, na dibi ɗiyan mutane, na zaɓa. Na so a kai ni gaban alƙali in hwaɗi haka, ko da mutum guda a Yamai ya ji cewa wani malami ya san doka kuma ya ga ruwa ya hi. Yanzu an rubuta kuskure ne. Wanda za shi karanta sai shi ce, to, a riƙa karanta musu takarda da kyau."

Na ce, "Shekara biyar fa, Attahir. 'Ya'yanka uku."

Ya ce, "Na sani, Mushe. Shi ya sa na yi shiru jiya. Ban taɓa yin irin shirun ga ba, kuma ba don Kwamanda na yi shi ba."

Direba ya buga ƙofa. Ya sake durƙusawa, ya shiga.

Ban yi tunanin wannan ba ko sau ɗaya a cikin makonni ukun nan. Ina ta auna abin da zan rasa da abin da zan ba shi, ban taɓa tambayar kaina ko akwai abin da nake ƙwace masa ba. Ya yi mini zafi. Da za a mai da ni ofishin Kwamanda yau, ina jin irin kallon nan dai zan sake yi masa.

Na tsaya a tasha har motar Barmu ta fita. Yana ciki, ɗansa a kan cinyarsa. Wannan dai na gani da idona.